Tambarin gindin faranti ba hujja ba ne: Yadda masana ke gane asali da shekarun tangaran na Asiya

A watan Maris na 2021, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York na Amurka ya sayar da wani ɗan ƙaramin kwanon tangaran mai zanen furanni, shuɗi da fari, a kan dala 721,800. Wanda ya kai shi gwanjon dala 35 kacal ya saye shi, a wajen masu sayar da tsofaffin kayan gida a jihar Connecticut. Masana sun tabbatar da cewa an yi shi a ƙasar Sin a zamanin Sarki Yongle na daular Ming, wato farkon ƙarni na 15.

A watan Oktoban 2022 kuma, wani gidan gwanjo a garin Fontainebleau na Faransa ya ƙiyasta cewa wani tulun tangaran ba zai wuce Yuro 2,000 ba, domin masaninsa ya ce aikin ƙarni na 20 ne. Masu saye, akasarinsu 'yan Sin, suka ƙi yarda da wannan hukunci, suka yi ta ƙari har tulun ya kai Yuro miliyan 7.7. Masanin ya rasa aikinsa a kan haka.

Irin waɗannan labarai ne ke sa mutane jawo tsofaffin farantan da suka gada daga cikin kabet, su kifa su, su ɗauki hoton rubutun Sinanci da ke gindi, su tura wa duk wanda suke zaton ya iya karantawa. Sai dai a wajen masana wannan fanni, rubutun nan shi ne shaida mafi rauni a jikin faranti. Ƙasar da aka gina shi da ita, da yadda aka yanke gindinsa, da irin launin da aka yi masa zane da shi, duk sun fi shi faɗin gaskiya.

Da farko, tangaran ne kuwa?

A bakin Bahaushe, kalmar tangaran ta haɗa kusan duk wani kwano ko faranti mai santsi da ke fashewa idan ya faɗi. A wajen masana kuwa ma'anar ta fi haka ƙunci. Tangaran na ainihi ana yin sa ne da haɗin abu biyu: wata farar ƙasa mai laushi da ake kira kawolin, da wani dutse da ake niƙawa ya zama gari. Ana gasa haɗin a tanderu mai zafin da ya kai kusan digiri 1,300 a ma'aunin Salshiyos, har dutsen ya narke ya cike ƙofofin ƙasar, jikin ya koma tamkar gilashi. Sunan kawolin ma daga wani tsauni ne mai suna Gaoling, kusa da birnin Jingdezhen na lardin Jiangxi, birnin da ya shafe ƙarnuka yana matsayin cibiyar tangaran ta duniya.

Gwajin farko ba ya buƙatar na'ura. Idan aka ɗora farantin a tafin hannu aka ƙwanƙwasa bakinsa da yatsa, tangaran mai lafiya yana yin ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, yayin da kwanon yumɓu da aka shafa wa ƙyalli, ko tangaran da ya tsage, kan yi ƙara a dushe. Idan kuma aka haska tocila ta bayansa, haske kan ratso wuraren da ba su da kauri. Langa da fanteka, da sauran kwanukan jere na ƙarfe mai fenti, ba sa cikin wannan lissafi, komai kyan furannin da ke jikinsu.

Abin da tambarin ke cewa, da abin da ba ya cewa

Al'adar rubuta sunan zamanin sarki a jikin tangaran ta kankama ne a lokacin Sarki Xuande, wanda ya yi mulki daga 1426 zuwa 1435. Tambarin yawanci haruffa shida ne, a layi biyu masu haruffa uku-uku, kuma ana karanta su daga sama zuwa ƙasa, ana farawa da layin dama. Biyun farko sunan daula ne, biyun tsakiya sunan zamanin sarki, biyun ƙarshe kuma ma'anarsu ita ce an yi shi a shekarun wannan mulki. Akwai mai haruffa huɗu, wanda ake barin sunan daula.

Matsalar ita ce su kansu maginan Jingdezhen ba su ɗauki tambarin a matsayin takardar haihuwa ba. A zamanin Sarki Kangxi na daular Qing, daga 1662 zuwa 1722, an yi faranti marasa adadi masu ɗauke da sunan Sarki Chenghua, wanda ya rasu tun 1487. Ba lallai zamba ake nufi ba. Girmamawa ce ga zamanin da suke ganin an fi gwaninta. Haka kuma a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Guangxu, aka koma rubuta sunan Kangxi a kan sabbin kaya. Saboda haka faranti mai tambarin Chenghua zai iya kasancewa mai shekara 550, ko 320, ko 130, ko kuma an fito da shi daga tanderu bara. Na ainihin zamanin Chenghua ba su da yawa ko kaɗan: wani ɗan kofi mai zanen kaji na wannan zamani ya kai dalar Hong Kong miliyan 281, kimanin dalar Amurka miliyan 36, a gwanjon 2014. Wanda ya ga sunan Chenghua a gindin farantin da ya saya a kasuwar gwanjo, ya kyautu ya fara da zaton cewa kwaikwayo ne.

Rashin tambari kuma ba aibi ba ne. Tarihi ya nuna cewa a 1677 wani jami'in yankin Jingdezhen ya hana rubuta sunan sarki a kan tangaran, don gudun kada ya fashe a zubar da sunan a juji. Shi ya sa kayan Kangxi da dama ke zuwa da da'ira biyu a gindi babu komai a ciki, ko kuma hoton ganye ko zomo a maimakon rubutu. Mafi yawan farantan da aka yi don fitarwa ƙasashen waje ma ba a sa musu tambari sam.

Wurin da rubutu ke yin amfani sosai shi ne wajen nuna cewa abu bai tsufa ba. Wata dokar kwastan da Amurka ta kafa a 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya, don haka faranti mai kalmar "China" da haruffan boko bai riga 1891 ba. "Made in China" ta zo daga baya, wajen 1920 zuwa sama. Kayan Japan sun ɗauki sunan "Nippon" daga 1891 zuwa 1921. "Made in Occupied Japan" kuwa na 'yan shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, kafin mamayar ƙasar ta ƙare a 1952. Sauƙaƙan haruffan Sinanci na zamani sun fara aiki a hukumance daga 1956. Tambarin da aka buga da hatimin roba, mai jan launi da ya baje, shi ma alamar ƙarshen ƙarni na 19 ne ko bayansa.

Zoben gindi

Ƙwararren dillali ba ya fara kallon fuskar faranti. Kifa shi yake yi, ya bi zoben da farantin ke zama a kai da yatsa. Nan ne kaɗai ruwan gilashin da ake shafa wa tangaran don ƙyalli bai rufe ba, don haka nan ake ganin ainihin ƙasar. Mai kwaikwayo yana iya koyon zane, amma da wuya ya samu ƙasar da aka haƙa aka tace da hannu shekaru ɗari huɗu da suka wuce, kuma da wuya ya kwaikwayi hannun maginin da ya yanke gindi dubu a rana ba tare da tunani ba.

Farantan ƙarshen daular Ming da aka yi don Turawan Fotugal da Holan, waɗanda ake kira kraak, misali ne mai kyau. An san su da bakin da aka raba gida-gida, kowane gida da nasa zane. A gindinsu akan ga 'yan layuka da suka fito daga tsakiya kamar ƙafafun keke, sawun wuƙar da ta yi ta tsalle lokacin da ake kankare ƙasar a kan abin juyi. Akan ga yashin tanderu ya maƙale a zoben, bakin farantin kuma da 'yan ɓalle-ɓalle kamar cin asu, inda ƙyallin ya ɓare. Duk waɗannan lahani ne, amma lahani ne na zamaninsu. Kayan Zhangzhou na lardin Fujian sun fi su kaushi; yashin da ke gindinsu har yakan karce teburi.

A zamanin Kangxi aiki ya gyaru. Ƙasar ta yi fari fat, ta yi laushi a hannu, zoben ya zama a tsaftace. A kayan Yongzheng da Qianlong na ƙarni na 18 ana samun zobe mai zagaye da santsi. A tsofaffin kaya da dama akwai wani siririn layi mai launin ruwan lemo inda ƙyalli ya haɗu da tsurar ƙasa, sakamakon ƙarfen da ke cikin ƙasar da ya gamu da iska lokacin da tanderu ke hucewa. Masu jabu sun san da wannan layi, suna shafa shi da hannu, sai dai nasu yakan yi daidai wa daida ko'ina, abin da wuta ba ta yi.

Lalacewar amfani ma tana da nata harshe. Farantin da aka ci abinci a ciki shekara ɗari biyu yana da karce-karce da suka nufi kowane ɓangare, masu zurfi daban-daban, kuma sun fi yawa a tsakiya. Wanda aka goge da takardar yashi karcensa kan tafi a jere. Wanda aka jiƙa a asid don a kashe masa sheƙi yakan dushe har cikin lungunan da hannu ba ya kaiwa. Wannan sana'a kuwa ba ta yau ba ce. Wani limamin Kirista Bafaranshe, d'Entrecolles, wanda ya zauna a yankin Jingdezhen ya kuma rubuta wasiƙu biyu a 1712 da 1722 kan yadda ake yin tangaran, ya bayyana yadda ake dafa sabbin kaya a romo mai maiƙo, sannan a ajiye su a kwatami fiye da wata guda, a fito da su a matsayin tsofaffi. Ma'ana, akwai jabun da shi kansa yanzu ya haura shekara ɗari uku.

Launi yana da ranar haihuwa

Shuɗin tangaran daga sinadarin kobalt yake. Ana zana shi a kan ɗanyen faranti, a rufe da ruwan gilashi, sannan a gasa. Wannan fasaha ta nuna sosai a ƙarni na 14, zamanin daular Yuan, kuma ma'aunin da masana ke dogara da shi su ne wasu tuluna biyu da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, masu ɗauke da rubutun da ya nuna shekarar 1351.

Kobalt ɗin da aka yi amfani da shi a lokacin, da farkon Ming, daga yankin Farisa ake kawo shi. Yana da ƙarfe da yawa, saboda haka inda burushi ya tara launi sai ya yi baƙi-baƙi ya ɗan nutsa cikin jikin farantin. Masu kwaikwayo na ƙarni na 18 sun yi ƙoƙarin samar da wannan ta hanyar ɗiga launi da bakin burushi, amma ɗigonsu a tsare yake, kuma a sama yake zama. A ƙarni na 16 aka samu wani shuɗi mai sirkin shunayya wanda Sinawa suka raɗa wa suna da ke nufin shuɗin Musulmi, saboda hanyar da yake shigowa. A wajen wannan zamani ne, lokacin Sarki Zhengde daga 1506 zuwa 1521, aka yi tangaran masu rubutun Larabci da Farisanci don Musulmin da ke hidima a fada. Shuɗin Kangxi kuwa daga kobalt ɗin cikin gida ne da aka tace sosai. Yana da haske, kuma mai zane kan jera shi hawa-hawa daga mai duhu zuwa mai haske a cikin dutse ɗaya ko ganye ɗaya.

Sauran launukan, da ake zanawa a kan ƙyalli a sake gasawa a wuta mai sauƙi, sun fi bayar da iyaka. Kayan da kore ya rinjaya a cikinsu sun yi tashe a zamanin Kangxi. Ruwan hoda mai kauri, wanda ake samarwa da ƙurar zinari, bai shigo Jingdezhen ba sai wajen 1720. Duk farantin da ke da wannan launi, kuma gindinsa na cewa daular Ming, wadda ta faɗi a 1644, to gindin ne ke ƙarya.

Sai a duba ko da hannu aka yi zanen. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma, aikin burushi yana nuna inda ya fara da inda ya ƙare, kuma furanni biyu ba sa zama iri ɗaya sak. Zanen bugu kuwa ɗigo-ɗigo yake fitowa, wani lokaci har a ga gaɓar da takardar ta haɗu. A Ingila aka ƙirƙiro buga zane a kan kwanuka, a tsakiyar ƙarni na 18. Sanannen farantin nan mai shuɗi, mai hoton bishiya mai rassa a sunkuye da gada da tsuntsaye biyu, wanda mutane da yawa ke ɗauka na Sin ne, zanen Ingila ne na ƙarshen wannan ƙarni.

Sin, Japan, ko wani wuri?

Japan ba ta fara yin tangaran ba sai farkon ƙarni na 17, a garin Arita, bayan da maginan da aka kwaso daga Koriya suka gano ƙasar da ta dace. Da yaƙin sauyin daula ya tsayar da fitar da kaya daga Sin, kamfanin Holan na Gabashin Indiya ya juya ga Arita, ya fara manyan oda a 1659. Da yake ta tashar ruwan Imari kayan ke fita, sai sunan ya bi su: shuɗi mai duhu, da ja, da ruwan zinari. Da Jingdezhen ta farfaɗo, sai ta shiga kwaikwayon salon don ƙwace kasuwa, har aka samu Imari na Sin.

Bambancin yana gindi. Maginan Arita kan tokare tsakiyar babban faranti da 'yan ƙananan turaku na yumɓu don kada ya lotsa a wuta, kuma idan aka ɓalle su sai su bar tabo uku ko biyar, ko ɗaya a tsakiya. Farantan Sin ba safai suke da wannan ba. Na Japan yakan fi nauyi, ƙyallinsa na da sirkin toka, na Sin kuma ya fi siranta da haske. Kayan Biyetnam na ƙarni na 15 da 16 ana yawan gane su da launin ƙasa-ƙasa da ake shafawa a cikin gindi.

Jiragen da suka nutse

Tambayar da ta dace a nan ita ce: ta yaya masanan suka san shekarun kayan da suke auna wasu da su? Babbar amsa tana ƙarƙashin teku. Jirgin da aka san ranar nutsewarsa, duk abin da ke cikinsa bai wuce wannan rana ba. Jirgin Holan mai suna Witte Leeuw ya nutse a tsibirin Saint Helena a 1613 ɗauke da kayan kraak. Geldermalsen ya nutse a 1752, kuma a 1986 aka yi gwanjon kimanin guda 150,000 na tangaran da aka tsamo daga cikinsa a birnin Amsterdam. Tek Sing, wanda ya nutse a 1822, ya ba da kusan guda 350,000. Wanda ya girme su duka shi ne jirgin Larabawa da aka gano a 1998 kusa da tsibirin Belitung na Indonesiya, mai ɗauke da kaya kusan 60,000 na daular Tang, ciki har da wani kwano mai rubutun da ya yi daidai da shekarar 826.

A tudu ma akwai irin wannan ma'auni. A 1611 Shah Abbas na Farisa ya yi waƙafin tangaran ɗinsa ga hubbaren Ardabil, fadar Topkapi da ke Istanbul kuma na riƙe da sama da guda 10,000. A gaɓar tekun gabashin Afirka, a wurare kamar Kilwa da Gedi da Mambrui, an haƙo gutsattsarin tangaran na Sin, an kuma tarar da kwanuka da aka manna a jikin kaburbura da masallatai.

Waɗannan alƙaluma na da wani darasi ga mai zaton ya tsinci arziki: tsufa daban, tsada daban. Farantin Tek Sing ya haura shekara ɗari biyu, kuma babu shakka a kansa, amma da yake 'yan'uwansa dubbai ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Abin da ke kai tangaran miliyoyi shi ne a ce don fada aka yi shi, irinsa ba yawa, kuma lafiyarsa ƙalau.

Abin da na'ura ke iyawa

Akwai gwajin da ke auna hasken da ƙwayoyin ma'adinai ke fitarwa idan aka zafafa su, wanda ke nuna tsawon lokacin da ya wuce tun gasawar ƙarshe. Sai an huda farantin an ciri ɗan samfuri, kuma amsar ba shekara guda ba ce, tazara ce mai faɗi. Yana iya raba kayan Ming da na jiya, amma ba zai raba Yongzheng da Qianlong ba. Masu jabu sun koyi ruɗa shi ta hanyar haska kaya da na'urar hoton ƙashi, ko su ɗora sabon jiki a kan tsohon gindi na gaske, tun da sun san daga gindi ake ɗibar samfuri. Wata na'urar tana karanta sinadaran launi ba tare da ta taɓa farantin ba, ta nuna ko kobalt ɗin mai ƙarfe ne ko mai manganis. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita kuwa tana tona wuraren da aka liƙe aka sake fenti.

Shi ya sa manyan gidajen gwanjo ke ba tarihin mallaka muhimmanci: tsohon rasit, ko lambar wani gwanjo da aka manna a gindi, ko hoton ɗaki na shekarun baya da farantin ya fito a ciki. Mai irin wannan faranti kada ya ɓare takardar da ke jikinsa, kada ya wanke shi da bilic ko ya goge gindin da soson ƙarfe, kuma idan ya fashe kada ya haɗa shi da gam mai ƙarfi. Idan zai nemi ra'ayin masani daga nesa, hotunan da ake buƙata su ne na fuska, da na baya gaba ɗaya, da na zoben gindi daga kusa, da na baki, duka a hasken rana, tare da faɗin farantin a santimita da nauyinsa.